Tonar da ta tona mini asiri

Asalin maganar tankin ruwa ne. Muna da tanki a bayan gidanmu da ke kusa da Ƙofar Guga a birnin Katsina, kuma duk ranar da aka kawo wuta muka kunna sumo, sai mun sha'afa har ruwa ya cika ya tumbatsa ya gangara lungu, maƙwabta su fara aiko yara da gaisuwar da kowa ya san ba gaisuwa ba ce. Ni kuwa malamin makaranta ne mai karambanin haɗa kayan lantarki tun ina yaro, saboda haka na ƙudura in haɗa 'yar ƙararrawa da za ta yi kuka da zarar ruwa ya taɓa wayoyi biyu a bakin tankin. Kayan ba su da yawa: ƙwayar lantarki ɗaya da ake kira 555 mai ƙafa takwas, wadda take kasuwa tun 1972 amma har yau ba ta tsufa ba, sai 'yan resisto da kafasito da ƙaramar lasifika. Da na haɗa su a kan allon nan mai huji-huji na yi shiru da bakina, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma zuciya ta raya mini cewa mutum mai ilimi irina fanel na gaske ya kamata ya yi, mai layukan jan ƙarfe, irin wanda ake gani idan an buɗe cikin rediyo.

Dabarar a baki ba ta da wuya. Za ka zana layukan a kwamfuta, ka juya zanen kamar yadda madubi yake juya fuska, ka buga shi da firinta ta leza a kan takarda mai santsi. Dole sai ta leza, domin ita ba tawada take zubawa ba, wata baƙar hoda take amfani da ita da ake kira tona, wadda garin roba ce da firintar take narkarwa da zafin da ya kusa digiri 200 ta manna a takarda. Tunda zafi ne ya manna ta, zafi zai iya sake ɗaga ta. Sai ka goge allon jan ƙarfe da soson waya har ya yi ƙyalli, ka kifa takardar a kansa, ka sa zafi da nauyi, tonar ta bar takarda ta koma kan ƙarfe. Daga nan ka jiƙa shi a ruwa, ka murje takardar da yatsa, ka tsoma allon cikin ruwan sinadarin ferik kulorayid ya cinye duk inda babu tona. Na yi sautun alluna biyar da sinadarin daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, na yayyanka tsohuwar kalanda mai sheƙi, na lallashi yaron shagon fotokofi ya buga mini kwafi goma sha biyu. Abu ɗaya ya rage, wato abin da zai ba da zafin, kuma a lokacin na ɗauka shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Na fara da ayan ɗin uwargida, wanda yana cikin kayan da ta zo da su, mai fesa tururi ne, kuma ba ta bari ko yara su taɓa shi. Na jira ta tafi barkar suna, na saita shi a ɗigo biyu, wanda ya kama wajen digiri 150, na danna na ƙirga minti biyu. Da na jiƙa allon na murje takardar, rabin layukan suka bi ruwa, sauran kuma suka fito da giɓi-giɓi a jere kamar haƙoran ɗan shekara bakwai. Sai da na juya ayan ɗin na duba cikinsa sannan na gane dalili: ramukan da tururi yake fitowa ta cikinsu ba sa taɓa komai, don haka duk inda rami ya sauka tonar ba ta ji zafi ba, ba ta ji nauyi ba. Ga shi kuma ban zubar da ruwan da ke cikinsa ba, ya yi ta huci yana jiƙa mini takarda tun kafin lokacin jiƙawa ya yi.

A karo na biyu na zubar da ruwan, na murɗa shi zuwa ɗigo uku, wajen digiri 200, na hau kansa da hannu biyu da dukan nauyin da Allah ya ba ni. Wannan karon tonar ta kama, har ma ta wuce gona da iri. Ta narke ta baje, layukan da na bar musu tazarar rabin milimita suka rungumi juna, ƙafafun ƙwayar nan guda takwas suka zama ƙafa biyu manya. A nan na fara fahimtar cewa tsakanin zafin da bai isa ba da zafin da ya yi yawa akwai wata siririyar hanya, kuma ayan na lantarki ba ya tsayawa a kanta, domin kunna kansa yake yi yana kashewa, zafinsa yana hawa yana sauka. Ƙarin matsala kuma, fatar jan ƙarfen da ke kan allon, duk da kaurinta bai wuce kashi 35 cikin 1000 na milimita ba, tana kwashe zafi da sauri tana watsawa, sai tsakiya ta nuna gefe yana ɗanye.

Karo na uku shi ne wanda har yanzu ake ba da labarinsa a unguwarmu. Kwana biyu babu wuta, sai aka kawo ta wajen ƙarfe biyu na daren Alhamis, cikin sanyin hunturu. Na tashi a gigice kamar wanda aka ce masa gobara, na goge tonar baya daga kan allon da ruwan goge farce, na ɗora takarda, na danna. Da na ɗaga ayan sai na ga allon fes, takardar ma fes, babu zane a ko'ina. Da magagin barci na yanke hukuncin cewa takardar da ba a buga komai a kanta ba na ɗauko, na cire ayan daga soket, na mayar da shi inda yake, na koma na kwanta. Abin da ban sani ba shi ne na ɗora takardar a rigingine, fuskar zanen tana kallon sama.

Washegari Juma'a, wuta ta ɗan leƙo da hantsi, na ce bari in goge farar shaddata da kaina kafin a sake ɗaukewa. Na shimfiɗa bayan rigar, na aza ayan a tsakiya, na juya ina amsa sallamar wani almajiri, na dawo na birkice rigar na goge gaba, na zura na fita ina sauri. Bayan an idar da salla ina neman takalmina, sai na ji an taɓa kafaɗata. Wani dattijo ne mai gyaran rediyo da na sani a fuska, ya ce, "Malam, don Allah tela ne ya yi maka wannan aiki, ko kai ka yi da kanka?" Na yi murmushi na fara yabon telana. Ya girgiza kai ya ce, "To ka gaya masa ƙafa ta huɗu ba ta haɗu da ta takwas ba, haka nan ba lallai ta yi ƙara ba." Sai da na isa gida na tuɓe rigar na ga taswirar ƙararrawata zaune daram tsakanin kafaɗuna, baƙa wuluk a kan fari, kowane layi tsaf, babu giɓi babu bajewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a duk ƙoƙarin da na yi har zuwa ranar, babu inda zanen ya fito da kyau kamar a kan shaddar. Kuma dattijon gaskiya ya faɗa, na manta layin, sai da na gyara zanen na sake bugowa.

Uwargida ta duba rigar, ta duba cikin ayan ɗinta, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, shekara nawa kana zaune a Ƙofar Guga, amma ko gugar ba ka iya ba." Daga ranar ayan ya koma cikin akwati mai kwaɗo, makullin kuma yana ƙulle a bakin zaninta.

Sai na koma ga injin lamineshin, wanda masu wannan sana'a suke yabawa, kuma da hujja, domin robobinsa guda biyu masu juyawa suna matse abu daidai wa daida daga gefe zuwa gefe, abin da hannun mutum ba ya iyawa. Illarsa biyu ce. An yi shi ne don ledar rufe takardar shaida, zafinsa bai cika kai wa abin da tona take so ba, don haka sai an maimaita zura allon sau goma ko fiye kafin ya ɗauki zafi. Sannan bakinsa na takarda ne, allona kuwa kaurinsa milimita 1.6 ne, alhali mai 0.8 ya fi dacewa da irin wannan inji. Duk wannan na san shi, amma ban ga amfanin ɗora wa yaron shagon nauyin saninsa ba. Na ce masa wani ɗan kati ne mai tauri. Sau uku allon yana wucewa injin yana nishi, a na huɗu ya tsaya a tsakiya, muka ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga ciki kamar ana tauna aya, wari ya tashi. Mai shagon ya fito daga ciki, muka yi doguwar tattaunawa a kan ma'anar kalmar kati, wadda ta ƙare da na biya kuɗin gyara. Tun daga lokacin idan zan yi fotokofi sai in hau babur in tafi can wajen Ƙofar Ƙaura.

Kaskon suya a kan risho ba zan daɗe a kansa ba. Allon ya kumbura, fatar jan ƙarfen ta ɗaga daga jikinsa, gidan ya kwana biyu yana warin ƙonanniyar roba, aka kuma haɗa kaskon da ayan a akwati ɗaya. Na je wurin masu buga rubutu a riguna, waɗanda injinsu na matsi yana da ma'aunin zafi da agogo, wato ainihin abin da nake bukata, amma a lokacin wurin cike yake da aiki, maigidan ya ce in dawo bayan sati uku.

Allo ɗaya ya rage mini ranar da na kai wa Baba mai wanki da guga na bakin layinmu shaddar nan, ko zai iya fitar da abin da ya saura na zanen. Ya ɗaga ta ya daɗe yana kallo, ya tambayi yadda aka yi, na kwashe labari na gaya masa ina jiran dariya. Bai yi dariya ba. Tambaya ya yi mini irin ta masu sana'a: "Shi wannan ƙarfen naka, zafin shadda yake so ko zafin leshi?" Na yi tunani na ce tsakaninsu, amma ya fi kusa da na shadda. Ya ce in je in ɗauko.

Dutsen gugarsa na gawayi ne, tsoho, baƙi, mai nauyin da sai na sa hannu biyu na ɗaga shi, cikinsa sumul kamar madubi, babu rami ko ɗaya. Ya buɗe murfin ya fifita garwashin, ya rufe, sannan ya tsoma yatsa a kofi ya ɗiga ruwa a cikin dutsen. Ɗigon ya dunƙule ya yi ta gudu yana rawa, Baba ya ce ya yi zafi da yawa, a jira. Ni da na karanta kimiyya na san cewa ruwa yana wannan rawar ne idan ƙarfe ya kai wajen digiri 200, domin tururin da ke ƙarƙashinsa ne yake ɗauke da shi, amma ban taɓa tunanin ma'aunin zafi ne da ke hannun kowa ba. Da ya sake ɗigawa ruwan ya yi cuu ya ƙafe nan take, sai ya ce yanzu ne. Ya yaye bargon da yake guga a kai ya ajiye allon a kan zallan katako, ya ce abu mai tauri ba a goge shi a kan laushi. Ya duba takardar da kansa ya tabbatar a kife take, yana kallona ta wutsiyar ido, ya rufa farin ƙyalle, ya aza dutsen ya bar nauyinsa ya yi aiki ba tare da ya danna ba. Can ya fara zagaya gefuna da hancin dutsen a hankali, yadda yake bin wuyan riga, har layukan suka fara nunawa ta bayan takardar. Duka bai kai minti huɗu ba.

A cikin bokitin kurkurarsa muka jiƙa allon bayan ya huce. Takardar ta saki, na murza da babban yatsa ina salati a zuci, layukan suka fito baƙi ƙirin, siraran da kaurara, har da ƙafa ta huɗu da ta takwas a haɗe. Da yamma na tsoma shi a sinadarin da na ɗumama da ruwan zafi a robar da ba za a sake cin abinci a cikinta ba, cikin kusan rabin awa jan ƙarfen da ba a so ya narke. Na huda, na jera kayan, na liƙe da dalma. Ƙararrawar tana saman tanki yanzu, kuma maƙwabta sun daina aiko yara a kan ruwa, sun koma aiko su a kan ƙara.

Da na tambayi Baba kuɗin aikinsa, sai ya ce ba shi da farashin ƙarfe, amma tunda ya ci gawayi da natsuwa kamar babbar riga, kuɗin babbar riga zan biya. Na biya ban yi ciniki ba. Ranar Asabar da ta wuce na aiki ƙaramin ɗana da kayan wanki da sabon allo a cikin ambulan, ya dawo yana karanto mini lissafin da aka ba shi: riga uku, wando uku, hula ɗaya, ƙarfe ɗaya. Ya ce kuma Baba yana tambaya, shi ƙarfen a sa masa sitaci, ko a kai shi wurin masu bugu.