Wa ke auna zuciyar ɗan kwana-kwana?

Da hunturu ya kama, rumbuna cike, karan dawa jibge a bayan kowane gida, sai kiran 'yan kwana-kwana ya yawaita. Addu'armu kullum Allah ya tsare su daga ƙuna. Amma a inda ake ƙididdiga, zuciya ce ta fi kashe su. A Amurka, kusan kashi 45 cikin ɗari na waɗanda ke rasuwa a bakin wannan aiki ciwon zuciya ne sanadi. Wani binciken masanan jami'ar Harvard na 2007 ya nuna haɗarin ya fi tsanani a daidai lokacin kashe wuta, alhali lokacin bai taka kara ya karya ba a cikin awannin aikinsu.

Dalilin a fili yake. Mutum na barci, ƙararrawa ta tashe shi a firgice, kafin ya zura takalmi ƙirjinsa na dukan uku-uku. Ya sa riga mai kauri da ba ta barin zafi ya fita, ya kama jan mesa, gumi kamar an watsa masa ruwa. Ruwan jiki ya ragu, jini ya yi kauri, ya zama mai saurin daskarewa, kamar yadda masu bincike a jami'ar Edinbura ta Birtaniya suka gano a 2017. Ga hayaƙi da gubarsa mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. Wanda dama yake da hawan jini bai sani ba, ko mashayin taba, a nan jijiyar zuciya ke toshewa. Sai a ce ya yanke jiki ya faɗi, kwana ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma hawan jini ana auna shi, kuma yana da magani.

Na karkarar Kano da Jigawa kuwa nauyinsu biyu ne. Tafiya da nisa, hanya ba kyau, su iso wuta ta gama ɓarna, jama'a su tare su da baƙar magana. Su ne kuma ke zura jiki a rijiya ko kududdufi su fito da gawar yaro, uwarsa na tsaye tana kallo. Duk wanda ya yi aikin ceto a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, lokacin da tankar mai ta fashe a Oktoban 2024 ta hallaka sama da mutum 150, da wane ido zai yi barci? A wajenmu namiji ba ya cewa abu ya dame shi. Sai ya jefa goro a baki ya koma aiki, damuwar na cin sa a ciki.

Gwamnatoci na son a ga sabbin motoci jajaye ana yanka ƙyalle, ba na musun amfaninsu. Amma na'urar awon jini guda a kowace tasha ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. A wajabta gwajin zuciya da na suga duk shekara, a ba ma'aikaci ruwa da hutu a inuwa tsakanin shiga wuta da sake shiga. Wanda aka samu da matsala kuma a mayar da shi sashen wayar da kai ba tare da an taɓa albashinsa ba, in ba haka ba, babu wanda zai yarda ya miƙa hannu a auna shi.