Ba harshen yaron ne a ɗaure ba

Jama'a don Allah, yaro ya kai shekara 2 ko "mama" baya cewa sai kaji ance harshensa ne a ɗaure, a barshi zai yi. Sau da yawa fa matsalar a kunne take, abinda bai taɓa ji ba ta yaya zai maimaita? Sanƙarau da ƙyanda duk suna iya taɓa ji. A Amurka ma gwajin ji ake wa jariri cikin wata 1, in an gano matsala a fara taimaka masa kafin wata 6. Ku kaishi wajen likitan kunne, in na'urar ji zata yi amfani a saka da wuri, kuma ku fara maganar hannu dashi tun yanzu, wallahi bata hanashi koyon ta baki.