Mai Prelude a baki, sannu da tuki

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau ba sunan kowa zan kama ba, kuma don Allah kar wanda ya biyo ni ta waya yana tambaya wai da wa nake, ni da iska nake. Mai kaza a aljihu dai shi ne baya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah a garin nan namu na Damagaram, tun ranar da ya ci karo da bidiyon sabuwar Honda Prelude a wayarsa ba mu sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba a fada. Ana zancen tsadar gero sai ya sako Prelude, ana zancen kwallo Prelude, ranar nan ta'aziyya muka dawo ko takalmi ba a gama cirewa ba ya fara wai shi fara yake so ba shudiya ba. Yau yace ya kusa yin oda, gobe yace yana da mutum a Japan, jibi yace kudin ne kawai ba su gama haduwa ba. To duk wannan ba laifi bane, kowa da burinsa, mu ma muna mafarkin abinda ya fi karfinmu. Inda gizo ke sakar shi ne raini. Motar kowa akwala ce a bakinsa, wanda yace yana son Toyota GR86 sai yace masa ai wannan abin wasan yara ne, wanda ya ambaci Mazda MX-5 sai ya kwashe da dariya yace motar 'yan kwalisa, shi kadai Allah ya ba sanin mota tsakanin Birni da Zango.

To bari mu da ba mu san komai ba mu dan fadi abinda muka tsinta.

Prelude tsohon suna ne, Honda ta fara yinta a 1978 ta dakatar a 2001, sai a 2023 suka sake nuno ta a bikin baje kolin motoci na Tokyo, aka fara sayarwa a Japan cikin Satumban 2025. Kuma ni wallahi ban raina motar ba, ta yi kyau, duk mai ido zai fadi haka. Injinta mai lita 2 ne hade da lantarki, irin tsarin da ke cikin Civic mai batir, karfinta doki 200, kafafun gaba da birki kuma daga Civic Type R aka dauko su, birkin ma Brembo ne. Mota ce ta mutumin da ya mallaki hankalinsa, ya kama gudiro ya mike Maradi ko Yamai ba hayaniya ba shan mai da yawa, ya isa bayansa bai kage ba. Abinda aka gina ta dominsa kenan.

Amma su wane ba haka suka fahimce ta ba. Wani dare bayan isha'i mutumin nan ya mike tsaye, kofin shayi a hannun hagu, hannun dama yana jan bitesi a iska, kafarsa ta hagu tana dukan kasa wai yana taka kuloci, har da karar inji da baki, yana nuna mana yadda zai shiga fili ya watsa bayan motar ya tada kura tayoyin baya na kuka. Duk muka yi tsit muna kallo. Sai wani yaro dan koyon makanikanci da ke zaune a bakin tabarma yace cikin ladabi, Yaya, to a ina kulocin yake? Ai nan take fuska ta sauya, sai cewa yayi kai yaro ne ba ka san manyan motoci ba. Alhali yaron nan gaskiya ya tambaya. Motar ba ta da kuloci, ba ta da bitesin hannu ko daya, wani madanni ne suka sa mai suna S+ Shift wanda ke kwaikwayon canjin giya da kara don direba ya ji dadi a ransa. Sannan da tayoyin gaba take ja, kuma ba yau ta fara ba, duk Prelude da aka taba yi tun 1978 da gaba take ja. To da wane bayan za a watsa, malam?

Sai batun mutumin Japan. Ni dai na san a Japan hannun hagu suke bi a hanya, sitiyarin motocinsu a dama yake, mu kuwa nan dama muke bi. In da gaske daga can za a dauko maka to sai ka nemi dan rakiya ya zauna a kujerar hagu yana leka maka in za ka wuce babbar mota a hanyar Tanut. Ko wannan ma yara ne ba su sani ba?

Yanzu mu koma kan abin wasan yaran, wato GR86. Toyota da Subaru suka hadu suka yi ta, ta farko ta fito a 2012 da sunan GT86, waccan ma an yi ta korafin ba ta da karfi, shi ya sa da suka sabunta ta suka kara injin ya koma lita 2.4, doki 228 a irin ta Amurka. Da baya take ja, bitesin hannu shida, injin kuma a kwance yake irin na Subaru don nauyin ya sauka kasa motar ta zauna daram a kwana. Wato duk wancan wasan kwaikwayon da aka yi mana da kofin shayi a hannu, wannan motar da aka raina ita ce ke iya yinsa. Ga kudi kuma, GR86 a Amurka tana farawa ne wajen dala dubu 30, Prelude kuwa dala dubu 42, in ka juya shi zuwa sefa ya haura miliyan 20 tun motar ba ta ga teku ba. Ka biya kudi sama, ka samu doki kasa, sannan ka zo kana yi wa mutane dariya. Da kudin nan fa a can kusan Nissan Z mutum zai dauka mai doki 400, ko ya sayi Mustang mai karamin inji mai doki 315 ya rike canji mai kauri.

MX-5 kuwa da ake kira ta 'yan kwalisa tun 1989 ake yinta ba a tsaya ba, a 2016 ta cika miliyan daya, doki 181 kacal amma nauyinta kadan ya wuce tan guda, shi ya sa masu tuki na gaske ke sonta. Ni dai ba zan saya ba ko da ina da hali, kujera biyu ce kuma rufinta na yadi, ka bude shi a watan Afrilu a garin nan rana ta gasa maka kwanya, ka rufe kuma to me ka saya. Amma rashin dacewa da garinmu daban, raina abu don ba ka san shi ba daban.

Kuma tunda an zo batun garinmu, ni a raina GR86 nake so, ban boye ba, amma ko ita din nasan wahalar da ke ciki. Tsakanin cikinta da kasa santimita 13 ne. Ka auna da yatsunka ka gani, sannan ka tuna tudun rage gudu da ke kan hanyoyinmu, ka tuna rairayin Garin Malam da Kara-kara, ka tuna yadda lungu ke komawa bayan ruwan Agusta. Man da aka ce a zuba mata mai daraja ne, ba na kwalba da ya kwana a rana a bakin hanya ba. Canjin buji kadai a injin nan na kwance sai makanike ya yi zufa don a gefe suke boye. Ita kuwa Prelude nata ya fi, batir ne da kwamfuta, ga zafin da ke wuce digiri 40, ga kurar hunturu da ke shiga ko'ina, ranar da ta kunna maka fitila a allo ba guduma da sifana za su tashe ta ba, kayan gyaran ma in an yi sa'a a samu a Kano, in ba a yi ba a jira jirgi. Ga hanyar shigo da mota ta kara nisa tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, abinda da ake daukowa a Kwatano ya koma sai an zagaya ta Lome da Burkina, ga duwan na jira da nasa lissafin. Duk mai maganar mota da gaskiya da wadannan yake farawa. Wanda bai taba ambatar duwan ba ko sau daya a duk cika bakinsa, kun san bai taba kusantar sayen komai ba.

Dokin mai baki dai ya fi gudu. Mu da muke garin nan mun san wata mota da ke kan duwatsu a wani garaji tun kafin damina, tayoyi biyu babu, kaji sun mayar da karkashinta wurin hutawa, maigidan garajin kuwa dattijo ne mai kunya shi ya sa bai zo har fada ya yi maganar kudinsa ba. Mun san mai sauka daga kabu-kabu a bayan kwana don kar a gani, sannan ya karaso da kafa yana kada makulli a yatsa yana cewa ya ajiye ta wajen wanki. Wankin nan dai har yau ba a gama ba, Allah ya ba mai wankin lada. Mun san hoton da aka dauka jingine da motar angon wani aka sa a fuskar WhatsApp aka rubuta a kasa wai kadan daga ni'imar Allah. Matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu tun 2011, a 2024 lita ta sauko zuwa kusan sefa 500, amma akwai wanda in ya ari babur rabin lita yake zubawa ya maido maka shi yana tari.

Ni ba talauci nake zagi ba, Allah ya kiyaye, dukanmu lallabawa muke. Abinda ya kona min rai shi ne ranar da aka nuna tsohuwar Corolla dina a gaban mutane aka ce wai gwangwanin tumatir, aka yi ta shewa. Na yi shiru don akwai manya a wurin. Amma gwangwanin nan shi ya kwashi iyalan wani zuwa suna a Magarya, da kwanuka da buhun shinkafa da tsohuwa a kujerar gaba tana ta sa albarka, aka je aka dawo ko tari bai yi ba, kuma mai gidan ko kudin lita daya bai miko ba, ya zauna a baya yana ba ni labarin Brembo. Gwangwanin nan aka buga wa waya karfe biyun dare ranar da ake neman mai kai mara lafiya likita. A daren nan ban ji an ce a jira Prelude ta iso ba.

Saboda haka in ta iso a sanar da mu, wallahi ni zan fara zuwa ganin ido, zan zagaya ta in shafa in yi addu'a Allah ya tsare, in an yarda ma in zauna ciki a dauke ni hoto. Mu je har Mirya mu dawo a hankali, yaron nan dan koyo ya zauna a baya, a nuna masa kulocin da idonsa. Kafin nan dai a maido min jak dina da sifana mai lamba 14 da aka ara tun kafin babbar sallah, ko an tura yaro ma ya isa, ina gida bayan la'asar.