Bahaɗeje Zai Hau Teku

A zauren Alhaji Bahaɗeje ne, wani ƙauye gefen Kafin Hausa. Ɗansa da ke aiki a Turai ya biya masa yawon kwana bakwai a babban jirgin ruwa cikin Bahar Rum. Kaya jibge a kan tabarma. Bakatsine, ejan mai shirya tafiye-tafiye, ya jingine babur ya yi sallama.

BAKATSINE: Ikon Allah! Alhaji, ruwan Haɗeja ne ya sake koro ku, ko tashi za ka yi daga garin?

ALHAJI: Shigo bawana, zo ka ɗaure wa ubangidanka kaya.

BAKATSINE: Bawa ba ya riƙe wa ubangida tikiti. Ina fasfo?

ALHAJI: Yana can ƙasan akwati, ƙarƙashin garin kunu. Kwaɗo biyu na danna masa.

BAKATSINE: To ka kulle tafiyar da kwaɗo biyu. Kana isa tashar jiragen ruwa ta Basalona a Sifaniya, inda za ka hau jirgin, 'yan dako za su karɓi babbar jaka, su duba lambar ɗaki da ke maƙale a hannunta, su wuce da ita ta wata ƙofa. Ba ka sake ganinta sai an ajiye maka a bakin ɗaki, wani lokaci har bayan magariba. Kai kuwa tun da rana za a ce ka nuna takardu. Ƙaramar jakar rataye za ka samu. A ciki: fasfo, takardar shiga jirgi, katin rigakafin shawara, takardar inshora, magunguna, caja, da kaya kala ɗaya na canji.

ALHAJI: Fasfon nan da shi na yi aikin Hajji, ko'ina ya san hanya.

BAKATSINE: Hanya ba ta dame su ba, kwanan wata suke dubawa. Ya zama saura aƙalla wata 6 bayan ranar dawowarka. Biza kuma ta Shengen ce, ita ke shigar da kai Sifaniya da Faransa da Italiya, kuma ba a ba da ita sai da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. In jirgin zai leƙa Tunisiya ya dawo, to sai biza mai shiga da fita sau da yawa, in ba haka ba a ƙofa za a tsayar da kai. Wannan ƙatuwar gorar fa?

ALHAJI: In jirgi ya kife, da me zan fita? Mu 'yan bakin kogi ba a yi mana wayo da ruwa.

BAKATSINE: Akwai rigar ceto ta kowane mutum, da ƙananan jiragen ceto rataye a gefe. Kafin a tashi dole kowa ya je wurin taruwarsa a nuna masa, ana duba suna. Ajiye gorar. Komar da fatsar ma ajiye, ba a su daga saman jirgi, ko ɓawon gyaɗa ba a jefawa a ruwa.

ALHAJI: Kwana bakwai a kan kifi, ban kama ko tarwaɗa ba? Da wane ido zan dubi mutanen gari?

Sai ga Jauro da ƙwarya a ka da kwalba a hannu.

JAURO: Aradu Alhaji ga guzuri. Fura, man shanu, Inna Wuro ta ce kada ka ci abincin Nasara ka rame.

ALHAJI: Madalla Jauro. Haɗa da kilishin can da dambun nama.

BAKATSINE: Duk a kawo nan gefena. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shigo musu da nama ko nono ko abin da aka yi da su, saboda cututtukan dabbobi. A filin jirgi za a ƙwace, a iya cin ka tara. Jirgin ruwan ma ba ya karɓar girkin gida, sai abin da kamfani ya rufe a leda. Abinci kuwa yana cikin kuɗin da yaronka ya biya, safe, rana, dare. Abin da za ka yi, a rubuta musu tun yanzu cewa halal kake so. In babu, ka tsaya a kifi da ƙwai da shinkafa da ganye.

JAURO: Su ba su da nagge ne a ciki?

BAKATSINE: Suna da madara a firji. Alhaji, wannan ƙullin mai nauyi fa?

ALHAJI: Dutsen guga, risho, hita, da kaskon turaren wuta na Hajiya.

BAKATSINE: Ka tattaro duk abin da matuƙi ke mafarkinsa ya farka da gumi. A teku ba abin tsoro kamar gobara, ba makwabta masu kawo bokiti. Duk jaka sai ta bi ta na'ura. Da sun ga dutsen guga, hita, kyandir ko turaren ƙonawa, jakar ba za ta zo ɗakinka ba, kiranka za a yi ƙasa ka buɗe a gabansu, su riƙe kayan sai ranar sauka. Wuƙar da ke ƙugunka ma a gida za ta kwana. Turare na kwalba ka ɗauka, kuma wanda ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu a jirgin sama.

ALHAJI: To shaddar tawa haka zan sa ta a yamutse?

BAKATSINE: A buga ta a nan, ka naɗe ta naɗi maimakon ninki, in ka isa ka rataye a banɗaki lokacin wanka da ruwan zafi, tururi zai sake ta. Akwai masu wanki da guga, amma kowace riga da kuɗinta. Kuma goma sha biyun nan sun yi yawa, jakar jirgin sama kilo 23 ce. Babbar riga ɗaya don daren kwalliya, kaftani huɗu, rigar sanyi ɗaya, takalmi mai ƙasan roba don daɓen sama yakan jiƙe. Kada ka hau can da babbar riga, iska za ta cika ta kamar an hura salka. Hula biyu, ɗaya ta teku ce ko ka so ko ka ƙi.

ALHAJI: Buta fa? In ka hana buta na fasa.

BAKATSINE: Ita kam ɗauki, ƙarama ta roba, don ba za ka tarar ba. Sai dai masai na jirgi zuƙa yake da iska ta siririn bututu. Ban da takardar da suka ajiye kada ka jefa komai, tsumma ɗaya sai ya toshe na makwabta. Ɗauki darduma. Alƙibla kuwa tana juyawa da jirgi, ƙarfen jikinsa kuma na rikita kamfas, don haka kafin kabbara duba talabijin ɗin ɗaki, akwai tashar da ke nuna taswira da inda aka dosa.

JAURO: In ƙasa tana rawa fa, ba ya amai?

ALHAJI: Ni? Da aka haifa a kwalekwale?

BAKATSINE: Kogi daban, igiyar teku daban. Ƙwayar hana jiri ana shan ta kamar awa ɗaya kafin a tashi, in amai ya fara ta makara, kuma tana sa barci. Riƙe citta kana taunawa, ka fita ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Maganin hawan jininka a bar shi cikin kwalinsa da takardar likita, ka ƙara na kwana uku ko huɗu. Asibitin jirgi akwai tsada.

ALHAJI: Kuɗi dai na ɗinke su a lalita, sababbin 'yan dubu-dubu.

BAKATSINE: Naira ba ta sayen ko ruwa a can. Kati ɗaya za su ba ka, shi ne makulli, shi ne shaida, da shi ake rubuta duk abin da ka saya, har da goron ma'aikata na kullum. Yuro kaɗan don kasuwa in an sauka. Soket ɗinsu na Amurka ne da na Turai, cajarka mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Fawa bank a jakar hannu. Waya kuma da an bar gaɓa ka sa ta a alamar jirgin sama, in ba haka ba ta kama layin tauraron ɗan'adam, gaisuwar Hajiya ta cinye kuɗin tunkiya. In an sauka gari, agogon jirgi za ka bi, ka dawo kafin lokacin da suka rubuta a ƙofa. Ba a cewa direba dakata.

ALHAJI: Shi ke nan?

BAKATSINE: Saura daren ƙarshe. Za a ce kowa ya fito da jakarsa bakin ƙofa, a kwashe kafin asuba. Ka ware kayan da za ka sa da takalmi. In ka tura duka, da singileti da buta za ka sauka Basalona.

Yana magana yana ɗaure kilishi da man shanu da dambu a bayan babur.

JAURO: Alhaji, kayan da aka hana ɗin sun hau mashin.

ALHAJI: Kai bawana, dawo da takardar nan. Karanta mini layin da Turawa suka ce a kai su Katsina.