Ƙannena, Wa Ya Ce Muku Ramuwa Ce Jarumta?

Daren jiya, a shagon cajin waya na bakin layinmu, na tarar da samari sun yi dafifi a kan kwamfuta suna kallon fim ɗin 42, wanda ya fito a 2013, labarin Jackie Robinson, baƙar fatan da ya ɓalle ƙofar wariyar launi a babbar gasar besbol ta Amurka, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda. Sun zo daidai inda Ben Chapman, kocin ƙungiyar Filadelfiya, ya tsaya bakin fili yana surfa masa ashar a gaban dubban mutane. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Robinson, yana riƙe da sandar wasa, haƙora a cije, bai ce uffan ba. Sai wani yaro, da ƙyar in ya cika ashirin, ya ja tsaki ya ce, "Wannan ai rago ne. Wallahi in ni ne, sai na fasa masa kai da sandar nan." Sauran suka sa shewa.

Rago? Ƙannena, kun san wanda kuke kira rago kuwa? A 1944, yana hafsan soja a sansanin Camp Hood da ke jihar Texas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerar baya, ya ce bai san zancen ba. Aka gurfanar da shi a kotun soja, kotu ta wanke shi. Wannan shekara 11 ke nan kafin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi wa Bature daga kujerar bas, ta yi irin nata. Mutum ne mai zafin zuciya, kuma Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, ya san da haka sarai lokacin da ya kira shi ofis a watan Agustan 1945 don ya ɗauke shi wasa. Ya zaunar da shi, ya riƙa kwaikwayon masu otal da 'yan kallo da abokan hamayya, yana ɗura masa irin zagin da zai tarar. Da Robinson ya tambaye shi ko matsoraci yake nema, Rickey ya ce yana neman wanda zuciyarsa ta kai ya ƙi ramawa.

Da ya ɗaga sandar nan sau ɗaya, ai shi ke nan. Washegari jaridu su cika da cewa da ma an faɗa, baƙar fata ba ya iya zama cikin mutane. A rufe ƙofa, a sa sakata. Larry Doby da ya shiga ƙungiyar Cleveland a Yulin 1947, da Roy Campanella, da Willie Mays, da Hank Aaron, baƙaƙen 'yan wasan da suka biyo bayansa, da dukkansu sai sun ƙara jira. Daga ranar 15 ga Afrilun 1947 da ya fara buga wa Dodgers wasa a filinsu na Ebbets, abincin dubban mutane a wuyansa yake. Wasu abokan wasansa sun haɗa takardar ƙin yin wasa da shi. Otal a Filadelfiya ya ƙi ba shi masauki. An aiko masa wasiƙun barazanar kisa, an jefe shi da ƙwallo da gangan, an taka masa ƙafa da takalmi mai ƙusa. Ya shanye, ya ƙare shekarar da kambun gwarzon sababbin 'yan wasa. Chapman kuwa, dole aka sa shi ya tsaya ɗaukar hoto da wanda ya zaga, kuma a 1948 aka sallame shi daga aiki.

To ku fa, me kuke karewa da ramuwarku? Mai adaidaita ya ɗan gogi babur ɗinka, kafin a ce kwabo ka zagi uwarsa da ubansa, ka cire riga a tsakiyar titi. A gidan kallon ƙwallo an ci ƙungiyar da ba ta san da zamanka a duniya ba, wani ya yi dariya, ka zaro wuƙa. A Facebook wani ya saɓa wa ra'ayinka, ka kwana kana tono asirin danginsa. Kallo kawai, wai "me ka kalla?", ya isa a kai mutum asibiti. Kullum bakinku ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Wa ya taɓa gina gida da ita? Baki shi ke yanka wuya, kuma iyayenku ne ke kwana a ƙofar ofishin 'yan sanda suna neman kuɗin beli, tsohuwa ta sayar da akuyarta saboda ɗanta "ba ya ɗaukar raini". Ban ma zo kan ƙwayar da ake haɗiya kafin a fito ba, da cacar ƙwallon da ke cinye kuɗin jari ta bar yaro yana neman wanda zai huce a kansa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi, ba gwanin kayar da mutane a kokawa ba. Mun haddace wannan tun muna Islamiyya. Abin kunya ne a ce wani Ba'amurke Kirista ya yi aiki da shi a gaban duniya, mu kuma ko sa'a guda ba ma iyawa. Ku riƙa haɗiye fushi, ku ji tsoron Allah, ku san darajar kanku.

Kada ku zaci haƙurin nan araha ya zo masa. A fim ɗin an nuna shi ya shige lungu yana ragargaza sanda a bango, shi kaɗai, inda ba mai ganinsa. Ya rasu a 1972 yana da shekara 53 kacal, kai duk furfura, ciwon suga ya kusa cinye masa ido. Kuma bai dawwama a shiru ba. Daga 1949, shekarar da ya zama gwarzon gasar, ya fara mayar da martani, bayan ya bar wasa kuma ya shiga fafutukar 'yancin baƙar fata gadan-gadan. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, in ji magabata. A 1997 aka hana ba kowane sabon ɗan wasa lamba 42, lambar rigar Robinson, a gasar baki ɗaya, sai dai duk ranar 15 ga Afrilu kowa ya sa ta don girmama shi. Kai da ka fasa kan abokinka a kan canjin naira ɗari, wa zai tuna da kai, kuma da me?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ba baƙin wannan ɗabi'a ba ne. Mun tashi mun ga ana faɗa a unguwa, dattijo ɗaya ya leƙo daga zaure ya ce "kai, bari", yaro ya saki wuyan rigar ɗan'uwansa ya sunkuyar da kai. Wanda aka zaga ya yi shiru, shi ake nunawa a ce ga ɗan mutunci, shi ake ba wa 'ya. Yau dattijon da kansa sai ya ja da baya ya tura ƙyaure, don ya san in ya yi magana, shi ma za a haɗa da shi a zage.