Ingilishin cin abinci daban, na cin jarabawa daban

A nan Tawa in ka zauna teburin mai shayi da safe ba ka buƙatar dogon bayani, "malam haɗa mini kakkaura, kar ka cika sukari" shi ke nan, wani lokaci ma kafin ka buɗe baki ya riga ya ɗauko gwangwanin madara don ya san ka ya san mahaifinka. To amma mu Adarawa ba mu zama gida, da can Abijan ce da Libiya, yanzu kuwa yara Akara suke tafiya koyon Ingilishi, ƴan kasuwa na Dubai, ga masu Umra da ke yada zango a filayen jirgi, kuma duk inda ka sauka yunwa ba ta jiran sai ka iya harshe.

Ɗan yayata ya yi Ingilishi tun ajin farko na kolej har ya ci BAC, jarabawar gama sakandare, shekara 7 cur, ya haddace jerin kalmomin nan da malamai ke sa mu rerawa kamar karatun allo. Satinsa na farko a Akara ya shiga wani gidan shan kofi, ya duba takardar abinci bai ga "pork" ba sai ya saki jiki ya nuna wani burodi mai nama, ashe "ham" aka rubuta, shi ma naman alade ne. Yaron ya san jambon sarai da Faransanci, ba wanda ya taɓa gaya mishi abu guda ne. Allah ya taimake shi mai sayarwar ta ga hularsa ta ce kai ba Musulmi ba ne?

Shi ya sa nake ganin mun juya abin baibai. Kafin a koya ma yaro yadda zai ce ina son kaza, a fara koya mishi yadda zai ce ba na cin kaza, da sunayen da abin ke ɓuya a bayansu. Naman alade kaɗai ya isa darasin sati guda, ham, bacon, lard, salami, da pepperoni wanda in ka ji sunan ka ce barkono ne alhali yawanci akwai alade ciki, sai gelatin da ke cikin alewa mai taushi. Abin dariya kuma hamburger da mutanenmu ke gudu saboda ham ɗin gaba, asalinsa naman sa ne, sunan daga birnin Hamburg na Jamus ya fito. Wajen abin sha ma haka, Irish coffee kofi ne da wuski a ciki, cider a Ingila giya ce, amma root beer na Amurka mai sunan giya ƙiri-ƙiri yawanci lemu ne kawai. Wanne daga cikinsu ya taɓa fitowa a BEPC, jarabawar gama kolej?

Ga batun lafiya kuma, wanda ya fi damuna. Dattijo mai ciwon sukari da bai iya cewa "no sugar" ba sai ya haƙura da ruwa, ko ya sha abin da aka miƙo mishi don kunya. Wanda jikinsa ba ya karɓar gujiya dole ya san a Gana da Najeriya groundnut ake cewa, a Amurka peanut, ya kuma iya kalmar nan allergic, don can ba wasa suke da ita ba, a Ingila doka ta wajabta ma masu sayar da abinci su yi bayani kan abubuwa 14 da kan tayar ma mutane da ciwo, Amurka na da 9, na ƙarshen da suka ƙara a 2023 riɗi ne, riɗin nan namu na kantu.

Na san za a ce ai akwai waya, ka nuna ta fassara maka. Gaskiya ne tana taimako, sai dai ka sauka baƙuwar ƙasa ba layi ba intanet, mutum goma a bayanka suna huci, kuma wayar za ta fassara maka abin da aka rubuta ne ba abin da aka soya ƙwan da shi ba, wannan sai ka tambaya da bakinka. Wasu kuma a fada su ce ai wannan iyayi ne na ƴan unguwar Plateau masu shan kapucino a Yamai. Su sha abinsu, ni direban da ya tsaya Tema, tashar jirgin ruwa ta Gana, jiran kaya nake tunani.

Tun Maris 2025 kundin da ke tafiyar da Nijar ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci na aiki. To in da gaske ne na aiki ne, malaman kolej su ware ko da awa biyu a wata su mai da aji gidan shayi, wannan ya zama mai sayarwa wancan baƙo, a buga takardar abinci ta gaske a raba, ba sai an jira kuɗi daga ministan ilimi ba. Ɗan yayata dai yanzu jimla huɗu ya rubuta a bayan wani tsohon tikitin mota ya soke cikin jakar fasfo, ƙanensa da zai tafi bana ya riga ya kwafa.