Manhajata da jan bik ɗin Malam

Kawuna yana da shagon kayan masarufi a gefen kasuwar Dole, nan Damagaram. Shinkafa, sukari, taliya, man girki, madarar gwangwani, dabino, sabulu, yawancinsu daga Kano ake sauke su. Akwai yaran shago uku, akwai kuma Malam, wanda ke riƙe da littafin lissafi tun kafin a karya darajar sefa a 1994. Sunaye da ajami yake rubuta su, lambobi da boko, kuma littafin nan ba mai iya karanta shi sai Malam da Allahn da ya halicce shi.

Ni kuwa na gama karatun kwamfuta, aiki bai samu ba, kullum ina fada, wato majalisar samari, ana dafa shayi. Rannan na ce, "Kawu, zamanin littafi ya wuce. Bari in rubuta maka manhaja a waya, kana kishingiɗe a ɗaki ka san kwali nawa ya rage a shago."

Ya ce, "Za ta hana yaran nan cin dabino?"

Na ce a'a. Ya ce, "To, yi dai mu gani."

Gaskiya manhajar ta yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. A kan Android na gina ta, tana aiki ko babu intanet, domin duk abin da aka shigar a cikin wayar yake zama, sai hanya ta buɗe ta tura wa Kawu. Ba ta shan caji. Duk wanda ya zauna garin nan a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, ba sai an koya masa darajar batir ba. Na sa mata launin kore, na sa mata ƙararrawa mai daɗi in an gama ciniki.

Matsala ta farko daga mutane ta fito. Shafin rajistar abokin ciniki yana neman suna, sunan mahaifi da unguwa. Ashe a shagon Kawu ba mai suna. Akwai mai ƙosai ta bakin tasha, akwai dogon Magarya, akwai ɗan gidan liman, akwai "wancan mai rigima". Da na matsa wa yara lallai sai sun cike gurbin, sai suka bi kowa da Alhaji. Kafin a jima Alhazai sun cika shafi guda, dukansu sunan mahaifinsu Alhaji. Na haƙura na buɗe gurbin laƙabi.

Na tara su bayan la'asar na koya musu. Yara suna ta "mun gane, mun gane". Malam yana kan bencinsa yana gutsurar goro, bai ce uffan ba, sai da na gama ya tambaye ni, "Ɗana, wayar nan ta san mutane?" Na yi dariya, na ce lissafi ba ruwansa da sanin mutane. Ya gyaɗa kai ya mayar da goronsa aljihu.

Ranar Alhamis na zaɓa a fara, ranar da kasuwa ke cika maƙil, mutanen ƙauye sun shigo da amalanke. Na so a ga abin a cikin zafin ciniki.

An sha ciniki kuwa. Da dare Kawu ya buɗe rahoto, ya gyara tabarau, ya sake gyarawa. Kaya sun fita har kantoci sun yi fayau, amma kuɗin da wayar ta nuna ko na lodin mota ɗaya daga Kano ba su kai ba. Ya sa aka rufe ƙofa, ya jera yara, ya fara rantse-rantse. Ƙaramin har ya soma hawaye yana cewa dabino ne kaɗai, wallahi dabino ne kaɗai.

Aka zazzage akwatin kuɗi aka ƙirga. Kuɗi suna nan cif, har sun ninka abin da wayar ta ce. Nan kallo ya dawo kaina.

Duk ɗan Nijar ya san yadda muke ƙirga kuɗi a kasuwa. Dala ɗaya sefa biyar ce. In mai kaya ya ce maka hamsin, 250 yake nufi. In ya ce ɗari, 500 ke nan. Ɗari biyu ita ce jika, wato 1000. Ni ma da haka na tashi, da haka nake sayen ƙosai. Amma a lakwal, wato makarantar boko, da sefa aka koya mana lissafi, manhaja kuma 'yar lakwal ce. Yaro na farko yana jin "ɗari da hamsin" sai ya buga 150 maimakon 750. Na biyu, da ya ɗan taɓa karatun boko, yana bugawa da sefa daidai. Na uku ya fi kowa hikima: jika biyar, sai ya danna 5 ya wuce. A rahoton ranar akwai kwalin sabulu da aka sayar a kan kuɗin da ko alawa ɗaya ba zai saya ba.

Har gobe ina nan a kan bakana, manhaja ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi ta tara.

Na kwana ina gyara. Na ƙara maɓalli, a zaɓi dala ko sefa kafin a buga kuɗi. Sa'an nan na rubuta umarni guda wanda zai ninka cinikin yaro na farko sau biyar. Umarnin yana buƙatar ɗan layi a ƙarshe da zai ce "na wannan yaron, na ranar Alhamis kaɗai". Layin bai samu shiga ba. Yadda aka yi bai shiga ba, wannan bincike ne da ban ga amfanin tonawa ba, ƙarfe uku na dare ne kuma shayin ya huce. Kwamfuta dai ta ninka duk abin da ta tarar, har da tsofaffin basussukan da ni da kaina na kwafo daga littafin Malam, yana karanto mini ina bugawa da sefa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. To akwai wata baiwa da na ɓoye a cikin manhajar don in burge Kawu: kowace Juma'a da hantsi tana aika saƙo da kanta ga duk wanda shago ke bi bashi. Da Faransanci na tsara shi, irin na banki, mai cewa ana tunatar da kai kaza ake bin ka, a biya cikin kwana bakwai.

Cikin waɗanda saƙon ya iske har da surukin Kawu, mahaifin uwargidansa, dattijo a unguwar Birni wanda Kawu ko ido ba ya haɗawa da shi. Shinkafa da sukarin azumi ne aka kai masa, na jika sittin. Saƙo ya ce 300.000, wato jika ɗari uku. Tsoho ba ya karanta Faransanci, saboda haka bayan an sauko daga masallaci ya miƙa wa wani matashi wayar a gaban jama'a ya ce, "Karanta mini, ko ɗiyata ce ta aiko da gaisuwa." Matashin nan Allah ya ba shi murya, ya kuma fassara tsaf, bai rage ko kwana bakwai ɗin ba.

Kafin magariba uwargida ta haɗa kayanta. Liman ya aiko a tambaya ko lafiya. Mai ƙosai ta zo da kanta, tsaye a ƙofar shago, hannu a ƙugu, tana tambaya yaushe ta ci man jika ashirin da biyar. Wancan mai rigima kaɗai ne bai yi rigima ba, ya kashe wayarsa.

Kawu bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Malam, nuna wa ɗanka littafi."

Malam ya buɗe, ya lashi yatsa, ya juya shafi. Sai a lokacin na lura da alamomin da ke gefen sunaye, waɗanda na ɗauka dattin bik ne, wato biro. Ɗigo ɗaya, bashin da ake tambaya. Ɗan layi a ƙasa, bashin da ake jira sai kaka ta yi an sayar da gero ko wake, don manomi ba ya da kuɗi da damina, kuma tambayarsa a lokacin korar ciniki ne. Sai wanda aka zagaye da jan bik: suruki, liman, gwauruwar da mijinta ya taɓa yi wa Kawu rana. Wannan ana rubuta shi ne don kawai a san inda kaya suka tafi. Ba a tambaya, ba a jira, ba a ko ɗaga maganar.

Na ce, "Baba Malam, me ya hana ka faɗa mini tun muna kwafa?"

Ya ce, "Ai ba ka tambaye ni ba, ɗana. Lambobi ka ce in karanto."

Washegari aka ɗora mini kwalin sukari da ƙullin goro, muka nufi Birni ni da Kawu da wasu dattawa biyu. Na durƙusa har gwiwata ta mutu, tsoho yana ta tambaya wai wace ce wannan Manhaja, 'yar gidan wa ce, kuma wa ya ba ta lambarsa.

Yanzu manhajar tana aiki, kuma ina ƙalubalantar kowa ya nuna mini kamarta daga nan har Maraɗi. Kuɗi da dala ake bugawa, ita ke juyawa zuwa sefa a ɓoye. Kowane bashi yana da alamarsa, ɗigo, layi ko jan zobe, kuma ba mai ikon sawa sai Malam. Saƙon Juma'a ya koma Hausa, yana farawa da gaisuwa da tambayar iyali, kuma ba ya fita sai Malam ya danna da babban yatsansa. Littafin ma yana nan, don ya ce waya tana faɗawa ruwa.

Da ƙura ta lafa na je wajen Kawu da maganar ladan aikina. Ya ce ai haƙƙi ne, ba a wasa da haƙƙi, Malam ya rubuta kada a manta. Malam ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunana da ajami, ya sa kuɗin a gefe ba ragi ko dala. Ina tsaye ina kallo ya laluba aljihu, ya ciro jan bik, ya zagaye shi.